Kejin Tuntum

Tun da na fara ba ku labarina wasunku ke turo min saƙo cewa in gode wa Allah, namiji irin Kwamena ba a tsintarsa a bakin hanya. Na ji. Ni ma abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan har wata bakwai. Yau dai ku bari in ba ku labarin keji, in kun gama karantawa sai ku sake ba ni shawara.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Ewurasi. Shekarata ashirin da bakwai, ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a nan Takoradi. Ina haya a saman bene a unguwar Anaji, ɗaki da falo, daga ni sai Tuntum. Tuntum kare ne baƙi wuluk, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Babana ne ya tsinto shi yana ɗan ƙanƙani a bayan tashar jirgin ƙasa inda ya yi aiki, ya raine shi da madara a murfin kwalba. Bara da Baba ya rasu, Mama ta ce ba za ta iya ganin karen kullum kwance a ƙofar ɗakin marigayi ba, ko in ɗauke shi ko ta bayar da shi. Na ɗauke shi.

Kwamena kuwa Mama ce ta fara ganinsa kafin ni. Yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana cikin mawaƙan cocinmu, ba ya sha, ba ya ɗaga murya, farar rigarsa kullum a goge kamar ba a taɓa zama da ita ba. Shi ke kwasar wa Mama kwandunan busasshen kifinta zuwa kasuwa a motarsa, yana ce mata Mamana. Ƙanwata ta yi aure har ta haihu, saboda haka kun san irin waƙar da nake sha duk Lahadi a kan kwanon fufu. An riga an tsayar da magana, wata mai zuwa danginsa za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, su nemi aurena.

Tuntum bai taɓa son shi ba. Ba haushi yake yi masa ba, da haushi ne da sauƙi. Da zarar Kwamena ya zauna a falo sai ya zo ya tsaya tsakaninmu, ya kafe shi da ido, ko jela ba ya kaɗawa. Wata rana Kwamena ya miƙa hannu zai ɗauki wayata a kan tebur, wai zai duba lokaci, sai na ji wani gurnani can ƙasan maƙogwaron Tuntum wanda ban taɓa ji ba. Kwamena ya janye hannu yana murmushi, ya ce ashe yana da kishiya a gidan nan. Na yi dariya. Na ma daki Tuntum da tafin hannu don kada baƙona ya ji kunya.

Matsalar ita ce Tuntum bai saba zaman kaɗaici ba. A gidan Baba ko yaushe akwai mutum. A nan kuwa in na fita ƙarfe bakwai da rabi sai shi kaɗai da bango huɗu. Ya tauna min takalma ƙafa uku, ya farke matashin kujera, ya kankare fentin ƙofa har katako ya fito. Duk na shanye. Amma ranar da Mama ta kawo min kente, zanen saƙar nan da zan ɗaura ranar ƙwanƙwasa ƙofa, mai ruwan ɗorawa da kore wanda kakata ta bar mata, na manta na bar shi a kan kujera. Da na dawo na tarar da gefensa a bakin Tuntum, zare ko'ina a ƙasa.

Ba zan iya maimaita muku abin da Mama ta faɗa ba. Ta ce kare ko miji, in zaɓa. Na zaci Kwamena zai bi bayanta ya ce a kai shi ƙauye, sai ga shi shi ke ba ta haƙuri. Ya ce amanar Baba ce, ba a yar da amana, keji kawai za a samar masa ya riƙa zama ciki in na fita. Har ƙwalla na yi a ranar. Na ce a raina, Ewurasi, ke ce mai mugun zato.

Kafin in yi komai na je wurin Dakta Arhin, likitar dabbobin da ke yi wa Tuntum allura, dattijuwa ce mai magana ɗaya. Ta ce keji ba laifi ba ne in an san yadda ake yi. Ya kasance zai iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Ya zama na ragar waya, wanda iska ke ratsawa, don zafin garin nan zai dafa shi a cikin rufaffe. A cire masa abin wuya kada ya sarƙafe. Kada ya wuce awa huɗu zuwa biyar a ciki. Ta nuna ni da biro ta ce, abu ɗaya kuma, kada in taɓa jefa shi ciki don horo, ranar da keji ya zama wurin azaba na gama da shi.

Na ari tef ɗin awo wurin Anti Mansa, maɗinkiyar da ke zaune a ƙasan benenmu, na auna Tuntum daga hanci zuwa gindin jela, daga ƙasa zuwa kan kunnen nan mai tsayuwa. Ranar Asabar Kwamena ya ɗauke ni muka tafi Kokompe wurin masu walda.

Akwai keji iri iri a jere a gaban rumfar. Ina duba wani babba na waya, sai na waiga na ga Kwamena tsugune gaban wani ƙarami, gefensa uku duk faranti ne na ƙarfe, gaba kawai ke da sanduna.

“Wannan ya fi,” in ji shi. “In ba ya ganin komai ba zai yi hayaniya ba.”

“Ko juyawa ba zai iya yi a ciki ba.”

“To juyawar me zai yi? Rawa zai taka?”

Mai waldan ya yi dariya, ya ce madam ta fi gaskiya, wancan na kai kare asibiti ne, ba na wuni ba. Kwamena bai yi musu ba. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya zo wurin wanda na zaɓa, ya kama sakatar ya zura, ya zare, ya sake zurawa. Ya jijjiga ƙofar da ƙarfi har kejin ya ɗaga. Sannan ya tambayi mutumin ko akwai yadda za a yi kare ya buɗe wannan daga ciki. Mutumin ya ce sai dai in karen ya yi makaranta. Duk da haka Kwamena ya sa aka ƙara sakata ta biyu a ƙasa, muka tsaya a rana har aka gama walda. A hanya ya sayo min kenke, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, yana ta ba ni labarin irin labulen da za mu sa a gidanmu.

Na ajiye kejin a kusurwar falo inda iskar taga ke bi. Na shimfiɗa tsohuwar rigar aikin Baba a ciki, na ɗaure kwanon ruwa a jikin waya don kada ya kife. Kwana uku ban rufe ƙofar ba, a ciki kawai nake zuba masa abinci. Rana ta huɗu na rufe na minti biyar ina zaune a gefe ina yanke farce. Daga nan minti goma sha biyar, daga nan na sauka wurin Anti Mansa na yi hira na dawo. Kafin mako ya cika, da na ɗauki jakata sai ya shige da kansa ya kwanta a kan rigar, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Na roƙi shugabata ta bar ni in riƙa zuwa gida lokacin hutun rana. Ƙarfe sha biyu in zo in fito da shi ya zaga, ɗaya saura kwata in mayar da shi, sai kuma biyar da na tashi. Kwamena ya yaba da tsarin ƙwarai. Har sau biyu ya sa na maimaita masa lokutan, wai don ya san sa'ad da zai riƙa kirana ba tare da ya takura min ba.

Mako biyu lafiya lau. Ba takalmin da aka tauna, Mama ta sauko, an kai kenten wurin masaƙi ya gyara gefen.

A mako na uku, ran Talata da yamma, na dawo na tarar da Tuntum a maƙure a can ƙarshen kejin. Ruwansa duk ya zube, rigar Baba ta jiƙe ta dunƙule. Na buɗe, bai fito da gudu kamar yadda ya saba ba, sai da na kira shi sau uku. Ya fito yana sunsuna ƙasa, ya bi ta falo, ya shiga ɗakin kwanana, ya tsaya gaban durowar gefen gado yana gurnani. Na duba ko ɓera ne. Ba komai.

Washegari da safe ya ƙi shiga. Na sa masa nama a ciki, ya kalli naman ya kalle ni, jikinsa na rawa. Na makara, don haka na tura shi da hannu na zura sakata biyun. Har na kai ƙasan bene ina jin kukansa, wani siririn kuka kamar na jariri. Da na dawo da yamma fatar saman hancinsa ta saɓule wurin tura waya, idanunsa sun yi ja suna ruwa. Falon kuma yana ɗan warin maganin sauro na feshi. Na tsaya ina tunani ko ni na fesa da safe na manta. Na ɗaga gwangwanin a bayan ƙofa, na ji ya yi sakayau, alhali ranar Lahadi na saye shi.

Ku da kuke karantawa a kwance kuna iya cewa ai abin a fili yake. Ni da nake ciki ban gani ba. Ko kuwa in ce na gani na kau da kai.

Na ɗauki hoton idon na tura wa Dakta Arhin. Ta kira ni nan take, ta ce in wanke masa da ruwa mai tsabta in kawo shi da safe. Sannan ta tambaye ni wa ke zama a gidan in na fita. Na ce ba kowa. Ta ce ita dai a shekarunta na aiki, karen da ya karɓi keji da kansa ba ya juyawa ya tsane shi haka kawai. Wani abu ya same shi yana ciki, kuma ya kasa gudu.

Ina ajiye wayar kiran Mama ya shigo. Ko gaisuwa ba ta amsa ba. Ta ce ashe abin da nake ƙullawa ke nan, in bar mutane su zo ƙwanƙwasa ƙofa sannan in tsere Kumasi karatu shekara guda, in bar ta da abin kunya a coci. Ta ce wace irin mace ce ake neman aurenta tana neman makaranta a ɓoye.

Gaskiya ne na nemi ƙarin karatu a Kumasi, kuma sun ɗauke ni. Amma takardar ta zo ne ta wurin aiki, na kawo ta gida a jakata, na sa ta a ƙarƙashin kayan cikina a durowar gefen gado. Ban gaya wa kowa ba, ko ƙanwata, don ni kaina ban yanke shawara ba. Na tambayi Mama wa ya gaya mata. Ta ce ba wannan ne abin tambaya ba, ta kashe.

Na jawo durowar. Takardar tana nan. Sai dai ni in na naɗe kayan cikina dunƙule su nake yi in cusa, Mama ta yi faɗan wannan har ta gaji. Waɗannan kuwa a linke suke, a jere, gefe da gefe, kamar a kanti.

Ana cikin haka saƙon Kwamena ya shigo. “Sarauniyata, kin gaji ko? Ya mutumina, yana jin daɗin sabon ɗakinsa?” Har da ɗan hoton zuciya. Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta, “Lafiya lau.”

Da safe na kai Tuntum wurin likita, ta ɗiga masa magani, ta ce da an ƙara kwana biyu ana yi masa haka da idon hagun ya tafi. Da muka dawo na tsaya a shagon Anti Mansa. Tana kan keken ɗinki, allurai uku a bakinta. Na fara ba ta haƙuri kan kukan kare, don in ji abin da za ta ce. Ta zare alluran ta ce ai Tuntum yaron kirki ne, duk wuni ba a jin motsinsa, sai dai in mutumina ya zo.

“Wane mutumin nawa, Anti?”

“Ji ta. Mai farar rigar mana. Wajen ƙarfe biyu yake zuwa, ya gaishe ni da ladabi ya hau. Da ya shiga sai karen ya haukace, can kuma sai ka ji ɗif.”

“Tun yaushe?”

Ta ɗaga kai ta dube ni da kyau, ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta ce tun makon da ya biyo bayan kawo kejin, kusan kullum ban da Asabar da Lahadi. Yakan yi awa guda, wani lokaci fiye. Ta ce ta ɗauka ni na ba shi makulli, shi ya sa ba ta sa baki ba, ita ba ta shiga tsakanin masu shirin aure. Ta kama hannuna ta ce, “Ɗiyata, ba ki sani ba?”

Na hau sama na kira Mama. Wannan karon ban bar ta ta fara ba, na tambaye ta kai tsaye ina makullin da na ba ta ajiya lokacin da na tare. Ta ɗan yi kame-kame, sannan ta ce ta ba Kwamena ya yanko wani tun watanni uku da suka wuce. Ya ce mata yana tsoron wani abu ya same ni ni kaɗai a bene ba mai iya shiga. Ta ce mutumin da zai zama mijina nan da mako huɗu, me nake da shi da zan ɓoye masa? Ta ce yadda ya zo mata jiya idonsa cike da hawaye kan maganar Kumasi, ko dutse ne sai ya tausaya masa.

Wata uku yana da makullin ɗakina. Wata uku, amma bai iya shiga ba sai da ya tsaya a rana aka yi wa kejin sakata biyu.

Na ce, “Mama, ya kusa makantar da karen Baba.”

Ta ce, “Kare, Ewurasi. Kare. Ina miki maganar rayuwarki kina min maganar kare.”

Ban je aiki ba ranar. Na kira shugabata na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Anti Mansa ta kira wani kafinta da ta sani don ya zo ya canza min makulli, sai ya ce yana wani aiki a Sekondi, sai ƙarfe huɗu zai iso. Ta ce in sauko in zauna a shagonta har ya zo. Na ce zan sauko, bari in haɗa takarduna tukuna. Na kwashe takardar Kumasi da na makaranta da katin banki na zuba a jaka. Na cire zanen gadon na cusa a kwandon wanki, don da na kusantar da fuskata ga matashin kai na ji ƙamshin man gashinsa. Na zauna a bakin katifar ba zane. Ban san na daɗe haka ba.

Tuntum ne ya fara ji. Yana kwance a kan ƙafata sai ya ɗaga kai, gashin bayansa ya miƙe tun daga wuya har jela. Na duba waya, biyu saura minti biyar. A hannuna ta yi ƙara.

“Kina wurin aiki, sarauniyata?”

Na rubuta, “Eh.”

“Madalla. Kada ki gajiyar min da kanki.”

Daga ƙasa na ji ƙarar keken Anti Mansa ta tsaya. Na ji muryarta sama sama tana cewa ba na nan, ya dawo an jima, na ji tasa a kwance, cikin ladabi, yana tambayarta ya jikin ƙafarta. Sannan takun takalmi a kan matakala, ba sauri, ɗaya bayan ɗaya.

Na taka a hankali ba takalmi na isa ƙofar falo. Akwai wata tsohuwar sakata a sama wadda ban taɓa amfani da ita ba, ta yi tsatsa. Na sa hannu biyu na tura ta, ta shige daidai lokacin da takun ya tsaya a waje. Na ja da baya na durƙusa na rungume wuyan Tuntum, na rufe masa baki da tafina. Ina jin gurnanin yana kaɗa ƙirjinsa.

Makulli ya shiga. Ya juya sau ɗaya, sau biyu. Hannun ƙofar ya sauka, ƙofar ta motsa kaɗan ta tsaya a jikin sakata. Aka sake turawa, a hankali. Har ina jin numfashinsa ta jikin katako.

Da ya yi magana, da muryar nan ya yi ta, mai taushi, wadda yake rera waƙa da ita ranar Lahadi.

“Ewurasi, ƙarya ba ta dace da ke ba. Sa karen nan a keji ki buɗe min, mu yi magana.”